Kwana huɗu bisa teku, ba girki ba wanki

 

Mu nan ƙasar Maradi, in an ce jirgin ruwa, abin da ke zo mana a rai shi ne kwalekwalen masunta na tafkin Madarunfa, ko wanda ake ƙetare gulbi da shi in ya kawo ruwa da damana. Jirgi a wurinmu abin aiki ne: a kama kifi, a kai kaya kasuwa, a ƙetarar da mara lafiya. To amma akwai wani irin jirgi a duniya da aikinsa yawo ne kawai. Ki shiga a gari guda, ya yi ta kewaya da ke bisa teku kwana da kwanaki, ya maido ki inda ya ɗauke ki, kuma kin biya kuɗi masu yawa. Jirgin shaƙatawa ake ce mishi. Wasunku sun gan shi a salular ɗiyansu sun ce ƙarya ce irin ta bidiyo. Gaskiya ne, akwai shi, kuma ga ƴar garinmu ta shiga ta fito.

Ƙanwar ɗaya daga cikinmu ce, tana aure a Jidda shekaru da yawa. Babban ɗanta da ke aiki can shi ya biya mata ita da ɗiyarta. Da ta zo ganin gida bana, munka roƙe ta ta ba mu labari dalla-dalla, munka rubuta, don waɗanda ba su samu ji daga bakinta ba su ma su ji. A cikin labarin akwai abin dariya, akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye.

Bari mu fara da girman abin. Tun shekarar 2021 manyan jiragen shaƙatawa sunka fara ɗaukar fasinja daga Jidda zuwa yawo a Bahar Maliya. Irin waɗannan jirage, tsawonsu kan kai mita 300 ko ya wuce, wato kamar a jera filin ƙwallo uku. Ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, mai suna Icon of the Seas, ya fara aiki a watan Janairun 2024 daga birnin Mayami na Amurka. Tsawonsa mita 365, hawa 20 gare shi, shina iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Ku duba fa, mutanen da ke cikinsa sun fi na ƙauyuka da yawa da munka sani. Wanda ƴar'uwarmu ta shiga bai kai wannan ba, amma ta ce da ta tsaya a gindinsa ta ɗaga kai, sai da kallabinta ya zame.

Shiga ma aiki ne. An duba fasfo da takardun zama, an bincike kaya kamar a filin jirgin sama, sannan anka ba kowa ɗan kati mai sunansa. Wannan kati shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da komowa, kuma shi ne jakar kuɗi, don a cikin jirgin ba a miƙa kuɗi hannu da hannu. Ku riƙe zancen katin nan, za mu komo gare shi.

Kafin jirgi ya tashi, ta ce, sai da anka tara kowa da kowa, babba da yaro. Anka nuna ma kowace ƙungiya wurin da za ta taru in wani abu ya faru, anka nuna musu ƙaƙa ake sa rigar ceto, wadda ke hana mutum nutsewa, da irin ƙarar da za su ji in an ce a fito. Ta ce gabanta ya faɗi: "Ba mu ko tashi ba ana zancen nutsewa? Na ce ma ɗiyata, ke tashi mu koma gida." Ɗiyar ta yi ta dariya, ta ce doka ce.

Doka ce kuwa, kuma da rayukan mutane anka saye ta. A watan Afrilun 1912 jirgin Titanic ya nutse a tekun Atlantika, mutum sama da 1,500 sunka halaka, don ƙananan jiragen ceton da ke cikinsa ba su isa ɗaukar fiye da wajen rabin jama'ar ba. Bayan haka, a 1914, ƙasashe sunka yi yarjejeniya ta farko kan kare rai a teku. Shekara ɗari bayan Titanic, ran 13 ga Janairun 2012, jirgin shaƙatawa Costa Concordia ya bugi dutse kusa da wani tsibirin Italiya da mutum sama da 4,000 a ciki, 32 sunka rasu. Cikin fasinjan akwai waɗanda sunka shiga a ranar, ba a kai ga nuna musu abin yi ba. Shi ya sa yanzu ake yin wannan koyarwa tun kafin a tashi, ko da tashi nan take.

Ɗakinsu ɗan ƙarami ne, ta ce bai kai ɗakin amarya na gidanmu ba, amma akwai gado biyu, da makewayi, da pampo mai ruwan zafi da na sanyi. Ba shi da taga, don ɗakunan da ke kallon teku sun fi tsada. Daren farko ta farka ba ta san ko asuba ta yi ba, sai da ta duba salula. Ruwan da suke sha da wanka kuwa, yawancinsa daga tekun ne. Akwai injin a cikin jirgin da ke raba shi da gishiri. Da ta faɗi haka, wata tsohuwa cikinmu ta ce a tambayo mata ko injin ɗin zai iya da rijiyar unguwarsu mai kanwa.

Rana ta biyu ba su ga ƙasa ba sam, daga safe har dare. Iska ta ɗan taso, jirgi ya riƙa lilo a hankali, sai jiri da tashin zuciya sunka kama ta. Ta kwanta a ɗaki, abin ya ƙaru. Wata ma'aikaciya ce ta fito da ita, ta kai ta tsakiyar jirgi inda lilo bai da yawa, ta ce ta zauna a sarari ta sa ido can nesa inda ruwa ya gamu da sama. Cikin ɗan lokaci ta ji dama. Dalilin kuwa shi ne, a cikin kunnen mutum akwai abin da ke jin motsi. In kunne na cewa ana tafiya, ido kuma na ganin bango a tsaye, sai jiki ya rikice. Haka yake kama wasunmu a mota, in munka zauna baya munka sunkuyar da kai. Maganin guda ne: a ɗaga kai a dubi nesa, a sha iska, a tauna ƴar citta.

Abinci kuwa, ta ce, tun asuba har tsakar dare ba a ɗauke shi. Shinkafa iri-iri, kifi, nama, ƴaƴan itace, kowa ya ɗiba da kansa. Kwana biyu ta ji daɗi, a na uku ta fara mafarkin tuwo miyar kuka da fura mai sanyi. Abin da ya dame ta shi ne yadda take ganin wasu fasinja sun cika faranti sun ci rabi sun tashi. Ta ce duk lomar da anka bari sai ta tuna watan da rumbu ke yin ƙasa kafin sabon hatsi ya nuna. Ta hana ɗiyarta ɗibar abin da ba za ta cinye ba.

Rana ta uku jirgi ya tsaya a Sharm el-Sheikh, ƙasar Masar. Can sunka shiga wani ƙaramin jirgi mai gindin gilashi, wanda in kin duba ƙasa kina ganin cikin ruwa. Ta ce ta ga kifi shuɗi, da rawaya, da mai zane-zane kamar atamfa, suna yawo cikin wasu duwatsu masu rassa da anka ce mata murjani ne, kuma wai da rai gare su. Ta ce duk zamanta a bakin Bahar Maliya ba ta taɓa sanin haka ƙarƙashinsa yake ba.

Da munka tambaye ta mi ya fi mata daɗi a duk tafiyar, mun zaci za ta ce kifin nan ko abincin. Sai ta yi shiru, sannan ta ce: "Na tashi da safe ba wanda ke jiran in ɗora tukunya. Tun da anka kai ni ɗakin miji, shekara talatin da wani abu, ban taɓa yin kwana huɗu a jere ban hura wuta ba, in ba haihuwa na yi ba ko ciwo." Ta ce bayan sallar asuba takan hau can sama ta zauna ita kaɗai har rana ta fito daga cikin ruwa, hannunta ba ya riƙe da komi. Ranar farko har kunya ta ji, kamar ta yi laifi. Da ta faɗi wannan, ba wadda ta yi dariya a cikinmu.

Wannan teku da ta yi yawo bisansa, kakanninmu sun san shi ta wata fuska. Kafin jirgin sama ya yawaita, maniyyata daga ƙasar Hausa ta ƙasa suke tafiya: Kano, Maiduguri, Fort Lamy da ake kira Njamena yanzu, Abeshe, sannan Sudan ta El Fasher da El Obeid, har su kai Sawakin a bakin ruwa. Tafiyar kan ci shekaru, don ana tsayawa a yi noma ko ƙwadago a tara guzuri. Da yawa ba su ƙarasa ba, sunka zauna can. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, jama'ar da sunka yi hijira daga ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903 ne sunka kafa shi. Waɗanda sunka kai Sawakin, sai an tsare su an duba lafiyarsu kafin su shiga jirgi zuwa Jidda, su zauna a sarari da tabarminsu da garinsu na sha. Marasa takarda kuma sukan yi kasada cikin ƙananan jiragen katako. A cikinsu akwai mata, wasu da goyo. Ƴar'uwarmu ta ce da dare in ta leƙa ruwan nan baƙi ƙirin, su take tunawa, ta yi musu addu'a.

Yanzu ga abubuwa uku da munka tsinta a cikin labarin.

Na fari, zancen katin nan. Kuɗin tikiti ya haɗa da ɗaki da abincin yau da kullum. Amma fita yawo a Masar, da rezo na kiran gida, da hoton da mai hoto ya ɗauke ki, da wasu abubuwan sha, kowanne da kuɗinsa daban. Ki miƙa kati, a ɗora shi bisa na'ura, ki wuce, ba ki ji komi ya fita daga hannunki ba. Sai daren ƙarshe ake kawo lissafi. Haka tsarin yake a irin waɗannan jirage, kuma a rubuce yake ga wanda ya karanta. Ɗan nata ya san da haka, ya yanka musu iyaka tun daga gida, ita kuma kullum da dare sai ta sa ɗiyarta ta karanta mata abin da sunka ci. Mu ma muna da irin wannan kati: littafin bashi na mai shago, da kuɗin da ke cikin salula. Kuɗin da hannu bai ƙirga ba, saurin tafiya gare shi. Kowace hidima za ki shiga, ko biki ko tafiya, ki tambaya tun farko mi ke cikin kuɗin da anka faɗa miki, mi kuma ke bayansa.

Na biyu, ma'aikatan jirgin. Ta lura cewa masu shara da masu girki da masu gyaran ɗaki yawancinsu baƙi ne, daga Filifin, da Indiya, da Indunusiya. Wadda ke gyara musu ɗaki ta nuna mata hoton ɗiyanta biyu da ta baro wurin uwarta. Irin wannan aiki, mutum kan yi wata shida har tara a cikin jirgi, kullum aiki, kafin ya ga gida. Hutun da ƴar'uwarmu ta samu, wata mace ce ta ɗauke mata aikin. Mun kawo zancen ne don saƙonnin da ke yawo a WhatsApp, masu cewa ana neman ma'aikata a jirgin ruwa, albashi da dalar Amurka, a turo kuɗin rajista. Yaro zai zo ya ce, Inna ki ɗauko mini bashi a asusu, cikin wata biyu zan maido. Ku sani akwai yarjejeniyar Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta 2006 kan aikin jiragen ruwa, kuma ta hana a karɓi kuɗi hannun mai neman aiki don a sama mishi aikin. Abin da ke kansa shi ne fasfonsa, da littafin shaidar aikin jirgi, da takardar likita. Duk wanda ya ce a turo kuɗi ta salula kafin a ga takardar aiki, ku riƙe kuɗinku. In irin wannan buƙata ta zo gaban ƙungiya, a kira yaron, a karanta saƙon a bainar jama'a, a kai shi ga wanda ya san takarda kafin a buɗe akwati.

Na uku, rigar ceto. Jirgi mai hawa goma sha wani abu, na ƙarfe, da injuna da likita a ciki, bai yarda ya tashi ba sai kowa ya san inda rigarsa take. Mu kuwa mukan cika kwalekwale da mata da goyo da buhuna har ruwa ya kusa bakinsa, mu ce Allah ya kiyaye. Allah shina kiyayewa, amma ya ba mu hankali. A watan Yunin 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara a Najeriya, jirgin da ya ɗauko masu komowa daga ɗaurin aure ya kife a kogin Kwara da dare, mutum sama da 100 sunka rasu. Abubuwan da ke jawo irin wannan an san su: lodi fiye da kima, tafiyar dare, da rashin riga. Gulbinmu ba teku ba ne, amma in ya ciko daga wajen Jibiya, mun san abin da yake iyawa. In kin ga jirgi ya cika, ki jira sahu na biyu. Gara a ce kin makara kasuwa.

Sai maganar hutu, wadda ita ce ta fi tada muhawara a tarurrukanmu na wannan wata. Wasu sun ce ai wannan zancen masu kuɗi ne, mace mai neman na cefane ina ita ina shaƙatawa. Suna da gaskiyarsu, kuma ba mu ce kowa ta ci bashi don yawo ba. Bashin asusu na sana'a ne, kuɗin taimako kuma na ciwo ne da haihuwa da rasuwa, ba a taɓa su. Wasu kuma sun ce, to shi ke nan mu sai ranar da anka kwantar da mu a likita za mu huta? Su ma suna da gaskiya. Ko jaki in ya wuni da kaya ana sauke mishi mangala.

Ga shawarar da muke kawowa, kowace ƙungiya ta duba. Muna da tafki a ƙofar gidanmu. Mutane na zuwa daga nesa don ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafkin Madarunfa, su ga tsuntsayen da ke sauka can da sanyi, su ci kifi. A cikinmu akwai waɗanda ba su taɓa zuwa Madarunfa ba sai don gaisuwar mutuwa ko neman takarda. In ƙungiya mai mata 25 ta yarda kowace ta ajiye dala ashirin, wato 100 F, kowane mako a wata jaka daban, cikin mako 20 an tara jikka hamsin. Kafin a fara, a aiki mutum biyu su tambayo kuɗin mota zuwa da komowa, da na mai jirgi, da na kifi, a rubuta duka, don kada mu ma a kawo mana lissafi a daren ƙarshe.

In za a tafi, a kiyaye waɗannan. Kowace ta shawarci maigidanta tun da wuri, ta kuma shirya wadda za ta riƙe mata gida, ranar tata ita ma a riƙe mata. A zaɓi lokacin sanyi, bayan ruwa ya kwanta. A tafi da safe a komo kafin la'asar ta yi sanyi, kuma a tambayi halin hanya a ranar, kun dai san yanayin da yankinmu ke ciki. A sanar da mai gari. A bakin tafki a nemi masuncin da mutanen wurin sunka sani, shi zai faɗi mutum nawa jirginsa ke ɗauka, kuma ba a ƙara ko ɗaya. A tambayi rigar ceto. In babu, a tsaya kusa da gaɓa inda ruwa bai da zurfi, ko a shimfiɗa tabarma a inuwa a yi kallo daga tudu. Masu goyo da ƙananan yara su zauna a tudu. Sharaɗi na ƙarshe, wanda ƴar'uwarmu ta Jidda ce ta sa shi: ba wadda za ta tafi da tukunya. A sayi abinci can wurin mata masu suyar kifi, su ma su samu ciniki.

Ku tattauna wannan a taronku na mako mai zuwa. Ƙungiyar da ta yarda da wadda ba ta yarda ba, duka muna son jin dalilinsu. Ku ba magatakardarku ta rubuta, ta aiko ta hannun mai kawo muku takarda, za mu buga amsoshin a fitowa ta gaba. Waɗanda ke da tsohuwa a gida da ta ji labarin tafiyar ƙasa zuwa Makka daga bakin iyayenta, ku zauna da ita ku rubuto mana shi tun tana iya bayarwa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wata mai zuwa.